Garkar ƙungiya a bazara: abin shukawa da yadda za a tsare shi har ruwa ya zauna

A yankin Tawa na ƙasar Nijar, da an cire albasar Galmi a Maris da Afrilu, garake da yawa sukan zama kango sai damina. Garkar da magidanta suka zuba kuɗi tun farkon shekara don su riƙa karɓar kwandon kayan miya kowane mako ba ta da wannan hutun. Ga zafin da ke haura digiri 40, ga rijiya tana ja da baya, ga dabbobin dawa da na gida duk sun rasa ɗanyen abu sai naku.

Ku fara da auna ruwa kafin ku sayi iri. A wannan zafi kowace murabba'in mita tana shan lita 8 zuwa 10 a rana, wato fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5 yana son lita 40 zuwa 50. Ku kwashe rijiya da safe, ku ga abin da ta tara zuwa la'asar, ku raba da wannan lissafi: yawan fangalin da za ku iya riƙewa ke nan. Sauran filin a bar shi. Fangali 20 da suka ƙoshi sun fi 50 da ke kwana da ƙishi amfani, kuma nan ne ƙungiyoyi suka fi yin asara, don kowa yana jin nauyin rage fili. Ban ruwa da asuba da kuma bayan la'asar. A rufe ƙasa da karan hatsi ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku, a barbaɗa toka a ƙarƙashi saboda gara. Taki ya zama ruɓaɓɓe, kilo 2 zuwa 3 a murabba'in mita. Ɗanye yana ƙona saiwa.

Ku haƙura da salati da kabeji da tumatir. Salati yana yin ɗaci ya fitar da kara, tumatir kuma yana zubar da fure idan zafi ya wuce digiri 35. Masu jurewa su ne kuɓewa, yakuwa, alayyafo, lalo, gauta da zogala. Kuɓewa a jiƙa irinta kwana ɗaya, a sa ƙwaya 3 a rami, tazarar santimita 50, bayan mako biyu a cire a bar ɗaya ko biyu. Tana fara bayarwa wajen kwana 50 zuwa 60, kuma sai an riƙa tsinka kowane kwana biyu, in ba haka ba ta ƙosa, uwar ta daina fure. Irin lalo yana da taurin ɓawo: a ƙulle shi a tsumma, a tsoma a tafasasshen ruwa daƙiƙa 10, a shanya a inuwa, a shuka washegari. Alayyafo shi ne mai fitar da ƙungiya kunya, don cikin kwana 25 zuwa 30 ya isa yanka. Kada a shuka shi lokaci ɗaya. Fangali biyu kowane kwana 10, ta haka kwando ba ya zuwa gida wayam.

Hadarin farko daga gabas yake tasowa, iska da yashi a gaba, ruwa a baya in an samu. Yashin ne ke yanke ƙananan tsiro. Ku kafa darnin kara a gefen gabas tun Afrilu, ba mai toshewa ƙam ba, don wanda iska ba ta ratsawa shi ne ke faɗuwa a kan shuka. Kada ruwan Mayu ya ruɗe ku: sau da yawa fari na mako biyu ko uku yana biyo baya, sai a ci gaba da ban ruwa. Shukar Yuni kuwa a kan kunya za a yi ta, domin fangali mai zurfi yana tara ruwan sama saiwa ta ruɓe.

Kowane ɓarawo da alamarsa. Rami a tone, ƙwaya babu, ɓawo a gefe: kurege ne, da rana yake zuwa. Ramuka a gindin darni da kara a gutsure da safe: gafiya ko ɓera. A share tarkacen da ke kewaye, a ɗana tarko da ƙuliƙuli a kan hanyarsu da magariba, a duba da asuba. Guba ba ta da wuri a garkar da yara da kaji ke shiga. Ƙadangare da tsuntsaye kan aske wurin renon iri cikin yini guda. Tsohon gidan sauro da aka wanke, a ɗaga shi da sanduna, a danne gefensa da ƙasa, ya wadatar. Awaki sai ƙayar magarya mai kauri ko waya, a dasa aguwa a bayanta don shekaru masu zuwa, kuma a san mutum ɗaya da ke rufe ƙofa kowane dare.

Idan ganyen kuɓewa da yakuwa ya cika da ƙananan huji, ƙwaro ne mai tsalle. A daka ƴaƴan dogon yaro busassu gram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a narka ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako guda. Fesawa da rana asara ce, hasken rana yana kashe ƙarfin maganin.

Tun Maris a tara magidantan da suka zuba kuɗi a gaya musu gaskiya: kwandon Afrilu da Mayu na ganye ne, kuɓewa sai ƙarshen Mayu. A rubuta jerin masu gadi da ban ruwa a liƙa a bakin rijiya, kuma rarar ganye a shanya a inuwa don makon da hadari ya yi ɓarna.