Kalar gashi ta yini ɗaya: inda ake yin kuskure da yadda za a gyara

Idan lokacin bukukuwa ya kama a Birnin Kebbi, 'yan mata da yawa kan so su canza kalar gashinsu don ranar kamu ko ta sa lalle, washegari su koma yadda suke. Kalar da ke fita da wanki don haka aka yi ta. Akwai ta feshi a gwangwani, akwai mai kauri da ake lakata da yatsa a shafa, akwai mai kama da alli. Dukkansu aikinsu ɗaya ne: ƙwayoyin launinsu manya ne, ba sa iya kutsawa cikin silin gashi, sai dai su kwanta a bayansa kamar hoda a fuska. Kusan duk ɓarnar da nake gani, mantawa da wannan ne ke jawo ta.

Kuskure mafi muni tun a kasuwa ake tafka shi. Yarinya ta je ta ce a ba ta kalar gashi, mai shago ya miƙo kwalin dayis, ta biya ta tafi. 'Yar'uwa, in kika buɗe kwali kika ga abu biyu da za a haɗa a kwaɓa, wannan ba na yini ɗaya ba ne. Sinadaransa suna buɗe silin gashi su shiga ciki, kuma babu wankin da zai fitar da shi, sai sabon gashi ya tsiro. Akwai kuma na tsaka-tsaki da ke ɗaukar makonni kafin ya koɗe. Ki sa a karanta miki abin da ke jikin kwalin, ki duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Baƙin lalle ma ki yi hattara da shi. Lalle na gaskiya ja yake kamawa. Wanda ke yin baƙi wuluk cikin ɗan lokaci sau da yawa an zuba masa sinadarin PPD, wanda ke tayar wa wasu da ƙuraje, ƙaiƙayi da kumburin fuska. Ko mene ne kika sayo, ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48. Mai makero ko ciwo a fatar kai ta haƙura har ta warke.

Sai hoton da ke jikin gwangwani. Yawanci a kan gashi mai haske aka ɗauke shi, namu kuwa baƙi ne, kuma wannan kala ba ta iya haskaka gashi. Da mace ta ga launin bai fito ba, sai ta yi ta lafta masa har kan ya sandare, ya riƙa zubo gari a kafaɗa. Gyaran shi ne ki gwada a sili kaɗan daga ƙeya tun kwana biyu kafin bikin. Ki sa shafi ɗaya marar kauri, ya bushe, sannan ki ƙara. Kala mai kaurin nan da ake lakata da yatsa ta fi fitowa a baƙin gashi, musamman ja da ruwan zinariya. Kada wata ta ba ki shawarar ki fara korar baƙin gashin da sinadari saboda kwalliyar yini ɗaya. Karyewar gashin da za ta biyo baya ta watanni ce.

Man kaɗanya da muke ji da shi ma yana hana kalar kamawa. Ki wanke kai, ki bari ya bushe, ki ajiye mai sai bayan biki. Gwangwanin kuma ki girgiza shi, ki nisanta shi da kai kamar santimita 25 zuwa 30, ki kare idanu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kasko. Ɗakin amarya a rufe, turaren wuta na tashi, ga wata a gefe tana fesa kala. Iskar da ke cikin gwangwanin feshi tana kama wuta. A fita tsakar gida a fesa, nesa da garwashi da murhu da risho, kuma kada a turara kan sai ya bushe sarai.

Zafinmu ma ba ya raga wa kalar. A watan Afrilu ma'aunin zafi a Kebbi yana haura digiri 40, gumi kuma yana narkar da ita. Sai ki ga jan layi yana gangarowa ta gefen kunne, ya ɓata wuyan leshi, farin hijabi ya koma wani abu daban. Ki yi kalar kafin ki sa kayan fita, da tsohon zane a kafaɗa. Tunda ɗankwali ko gwaggwaro zai rufe yawancin kan, iya inda zai fito kawai za ki shafa, gaban goshi ko jelar kitso. Kafin barci ki wanke, in ba hali ki ɗaure da tsohon kallabi saboda rigar matashi.

Ga batun alwala, wanda da yawa ba sa tunawa sai an kira salla. A mazhabar Malikiyya da muke bi ana shafar kai gaba ɗaya. Launin lalle ba ya tare ruwa, amma abin da ya daskare a kan gashi yana iya tarewa. Ki tsara lokacin sa kalar da sallolinki a rai, ki wanke ta tas kafin wankan wajibi, ki kuma kai abin da kika sayo wa malama a Islamiyya ta duba miki hukuncinsa.

Wajen wankewa, gashin da aka sa wa rilaksa ko mai furfura yana riƙe launi fiye da saura, ƙananan kitso kuma yana ɓoye shi a tsakanin saƙa. Kada hakan ya sa ki ɗauko garin sabulun wanki ki dirje kanki. Ki tsefe kitson, ki shafa man kwakwa ya ɗan jima, ki wanke da shamfu da ruwan ɗumi sau biyu. In akwai saura, ki bar shi zuwa wanki na gaba. Bayan nan ki bi da karkashi ko man laushin gashi, ki mayar da man kaɗanyarki, musamman in da hunturu ne.