Darasi na 7: Mun leƙa gidan buga takardu

Wata Asabar muka kwashi 'yan aji muka je wani gidan buga takardu a nan Garwa, irin masu buga katin biki da kalanda da rasit. Kafin mu isa har yaran gidan sun share wuri sun goge inji, maigidan ya ce shi bai yarda da makara ba, don wuta tana iya ɗaukewa da rana, aikin da ba a yi da safe ba sai ya kwana.

Babban injin, launi 4 yake aiki da su, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, kowane launi da farantinsa, wato fallen ƙarfen da ke ɗauke da rubutun da za a buga. To nan fa maganar take. In harafi ɗaya ya kuskure kuma an riga an yi faranti, sai an sake sabo, takardar da aka buga ta tafi a banza, ram ɗaya kuwa takarda 500 ne, wa zai biya? Shi ya sa ba sa tada inji sai wanda ya kawo aikin ya duba samfuri ya sa hannu, abin da suke ce wa BAT da Faransanci. Ko yayanka ne ya kawo aikin sai ya sa hannun nan.

Wata Hajiya cikinmu ta ce, "Maigida, wanda bai yi boko mai zurfi ba fa, kuna ɗaukarsa?" Ya ce Hajiya sosai ma, naɗe takarda da ƙirga da ɗaurewa duk aiki ne, abin da yake nema mutum ya karanta sau biyu, in bai gane ba ya tambaya, kar kunya ta sa ya yi shiru. Wallahi nan na fi jin daɗi. Ya nuna mana lanƙwasar ɓ da ɗ da ke cikin Hausa da Fulatanci, da ƙ tamu, kun san ƙasa daban kasa daban, amma mai gaggawa ba ya gani.

Wajen masiko, wato wuƙar yankan takarda, ba a riƙe waya ba a hira.

Aikin gida: kowa ya samo tsohon katin biki, ya duba suna da rana da unguwa, ya ja layi ƙarƙashin duk kuskuren da ya gani, ya kawo ranar Litinin.