Yadda za ka taimaki wanda ya tsira daga yaƙi kuma yake shan maganin HIV

In ka lura kwalbar maganinsa ba ta raguwa, don Allah kar ka fara da faɗa. Wanda aka ƙone musu gari, ko matar da aka yi wa fyaɗe lokacin rikici, yawanci ba taurin kai ke hana su shan ƙwaya ba, hankalin ne ba ya jikinsu. A 2019 hukumar lafiya ta duniya WHO ta ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 5 a wuraren da aka yi rikici na fama da matsananciyar damuwa ko firgici ko wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma wanda damuwa ta danne ya fi saurin tsallake magani, da ya fara tsallakewa ƙwayar cutar ta samu sarari ta hayayyafa, wani lokacin ma ta daina jin maganin gaba ɗaya.

To maimakon "me ya sa ba ka sha ba", tambaye shi ya barci. Kana samun barci kuwa? Kana mugun mafarki? Amsar nan tana da amfani sosai, domin efavirenz, ɗaya daga cikin magungunan HIV, shi kansa yana kawo mafarkai masu ban tsoro da jiri, ka ga wanda dama yake razana cikin dare sai abin ya ninku ya ajiye maganin bai faɗa wa kowa ba. In haka ne ku je asibiti tare a sanar da likita, tun 2019 WHO ta fi son a fara da wani maganin HIV mai suna dolutegravir, ana iya canza masa. Amma kar ya daina da kansa.

Kar ka matsa masa sai ya ba ka labarin abin da ya faru. Ni dai ina ganin nan masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. A Ruwanda a 1994 an yi wa mata dubun dubata fyaɗe, da yawa suka kamu da cutar ta haka, irin wannan matar duk ƙwayar da ta haɗiya tana iya tuna mata da wanda ya cuce ta. Zauna da ita kawai, in ta so magana za ta yi. Sirrinta kuma ka riƙe shi gam, tsangwama ce ke korar mutane daga layin karɓar magani.

Ku ɗaura shan maganin da wani abu da yake yi kullum a lokaci guda, ko ku sa alam a waya. In akwai yiwuwar a sake gudu, ya roƙi na wata 3 zuwa 6 a lokaci ɗaya, katin asibitinsa kuma ya kasance a jikinsa ko ya ɗauki hotonsa a waya.

Nemo masa ƙungiyar masu irin halinsa, a arewacin Uganda bayan yaƙin 'yan tawayen LRA an gwada zaman tattaunawa na rukuni ga masu HIV, damuwarsu ta ragu sosai. In ya fara cewa gara ya mutu, kar ka ɗauka magana ce kawai, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar.

In kuma fyaɗen sabo ne, akwai maganin kariya da ake kira PEP, dole a fara shi cikin awa 72, ana shansa kwana 28.