Shuke-shuken cikin ɗaki ga mai mantuwa: waɗanda za a zaɓa da yadda za a riƙe su

Ruwa ne ke kashe yawancin fulawar da ake ajiyewa cikin ɗaki. Wanda ya sayi sabuwar shuka kan ɗauka kulawa ita ce ban-ruwa kowace safiya, sai ƙasar tukunya ta zauna sharkaf, iska ta kasa ratsa ta, saiwa ta shaƙe ta ruɓe. Abin da ke ƙara rikita mutum, shukar da saiwarta ta ruɓe ita ma yaushi take yi, tunda ba ta da abin jan ruwa. Ya ga ganye ya langaɓe, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Don haka mai mantuwa ya fi mai ɗoki sa'a a wannan harka, muddin ya zaɓi irin da ke ajiye ruwa a jikinsa, ya kuma daidaita tukunya da ƙasa da haske tun ranar farko.

Waɗanda za a fara da su

Ta farko ita ce Sansevieria, mai dogayen ganye masu kauri da ke tsaye ƙyam. Asalinta dazukan Afirka ta Yamma ne. A 2017 masana suka mayar da ita cikin dangin Dracaena, saboda haka kana iya ganin an rubuta Dracaena trifasciata a jikin tukunya, duk ita ce. Da rana takan rufe ƙananan ƙofofin numfashin da ke jikin ganyenta, sai dare ta buɗe, shi ya sa ruwan jikinta ba ya saurin tafiya. Ban-ruwa sau ɗaya cikin mako 2 zuwa 3 ya ishe ta lokacin zafi, lokacin sanyi kuma wata guda ko fiye. A zuba ruwan a gefen tukunya, kada a zuba a tsakiyar da ganyayen suka haɗu, don in ya kwanta a nan gindin ke ruɓewa.

Ta biyu Zamioculcas, wadda ake sayarwa da sunan ZZ. Daga gabashin Afirka take, ganyenta kore shar mai ƙyalli. A ƙarƙashin ƙasa tana da dunƙulalliyar saiwa mai cike da ruwa, kuma da ita take rayuwa in an manta da ita wata ɗaya ko biyu. In ƙishirwa ta yi tsanani takan zubar da ganye, amma da zarar ta samu ruwa sai ta sake toho, don haka kada a yi gaggawar jefar da tukunyar. Girmanta a hankali ne. Wata uku ba sabon reshe ba alamar ciwo ba ne.

Pothos, mai yaɗo, ita ce muke fara ba sabon shiga, domin tana nuna halin da take ciki. In ta ji ƙishirwa ganyen kan sunkuya ya yi laushi, a ba ta ruwa cikin 'yan sa'o'i ta miƙe. Ta fi biyun farko shan ruwa, kusan sau ɗaya a mako ko kwana 10. Chlorophytum, mai siraran ganye masu farin layi da ke sako 'ya'ya a ƙarshen dogon kara, ita ma haka take, sai dai tana da farar saiwa mai kauri da ke ba ta juriya.

Aloe vera na jure rashin ruwa sosai, amma ba ta jure duhu. In babu taga mai haske ƙwarai, a haƙura da ita, haka ma kaktus, shukar nan mai ƙaya. Lungu mai ƙarancin haske kuwa na Aspidistra ne, mai dogayen ganye masu faɗi. Calathea da Fittonia suna da kyan gani, amma ƙasarsu ba ta son bushewa, mai mantuwa ya bar wa masu haƙurin lallaɓa su.

Wajen saye, ɗaga ganye ka duba bayansa ko da ƙwari, ka latsa gindin shukar ka ji da tauri, ka kuma sunsuni ƙasar. In tana warin tsami, ajiye ka ɗauki wata.

Tukunya da ƙasa

Tukunya dole ta kasance da huda a gindi. In ta adon da ka saya ba ta da huda, bar shukar cikin ta robar da ta zo da ita, ka zura cikin ta adon, ka riƙa ciro ta lokacin ban-ruwa. Zuba tsakuwa a gindin tukunya marar huda ba ya magance komai. Ruwa ba ya sauka daga ƙasa mai laushi zuwa cikin tsakuwa sai ƙasar ta ƙoshi, saboda haka tsakuwar ɗago jiƙaƙƙen wurin kawai take yi zuwa kusa da saiwa.

Tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da fenti ba tana fitar da laima ta jikinta, ta fi dacewa da Sansevieria da ZZ da aloe, da kuma mai nauyin hannu wajen ban-ruwa. Ta roba ta fi riƙe danshi, ta dace da pothos a hannun mai mantuwa. Wajen canja tukunya, faɗin sabuwar ya ɗara na tsohuwar da santimita 2 zuwa 4 kawai. Ƙaramar shuka a ƙatuwar tukunya na zaune ne cikin ƙasar da saiwarta ba ta kai gare ta ba, kuma wannan ƙasar kan yi makonni ba ta bushe ba.

Ƙasar lambu zalla dunƙulewa take yi cikin tukunya ta toshe. Ga masu kaurin ganye, wato Sansevieria da ZZ da aloe, haɗa awo 2 na ƙasar tukunya da ake sayarwa a buhu, awo 1 na yashi mai manyan ƙwayoyi, da awo 1 na perlite, wato fararen duwatsun nan marasa nauyi, ko dakakken gawayi. Ga pothos da Chlorophytum, awo 3 na ƙasa da awo 1 na yashin. Rairayi mai laushi ba ya wannan aiki, cike guraben iska yake yi. Gwaji mai sauƙi: jiƙa haɗin, ka damƙi cikin hannu ka matse. In ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya zauna a cure, ƙara yashi.

Haske

Da tsakar rana, ɗora farar takarda a inda kake son ajiye tukunyar, ka riƙe hannunka kamar santimita 30 a samanta. Inuwa mai fitowa sarai har ka ƙirga yatsu, haske ne mai ƙarfi, wurin aloe ke nan. Inuwa mai dishi-dishi ta dace da pothos da Chlorophytum. In da ƙyar kake ganinta, sai ZZ, Sansevieria ko Aspidistra, su ma jurewa suke yi ba jin daɗi ba. Ɗakin da ba taga sam ba ya riƙe shuka sai da fitila mai haske da ke kunne sa'o'i 10 zuwa 12 a rana.

Iya ƙarancin haske, iya ƙarancin ruwan da shuka ke sha. Pothos biyu iri ɗaya, ɗaya a bakin taga ɗaya a lungu, ba za su bi jadawali ɗaya ba. Riƙa juya tukunya kwata duk ranar ban-ruwa don kada ta karkace, ka kuma kawar da ita daga saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki. Shukar da ta saba da inuwa, in an kai ta rana kai-tsaye ƙonewa take yi, a matsar da ita kaɗan-kaɗan cikin mako 2.

Ban-ruwa

Sa wa wayarka tunatarwa sau ɗaya a mako, amma ta dubawa, ba ta zuba ruwa ba. Soka yatsa santimita 3 zuwa 5 cikin ƙasa. Ga pothos da Chlorophytum, in wannan saman ya bushe lokaci ya yi. Ga Sansevieria da ZZ da aloe, soka busasshen tsinke har gindin tukunya, ka bar shi minti ɗaya ka zaro. In ya fito da duhu ko ƙasa ta manne masa, jira wani makon. Da sannu nauyin tukunya ma zai riƙa gaya maka.

In za a ba da ruwa, a bayar sosai. Zuba a hankali ka zagaye tukunyar har ya fito ta hudar gindi, ka jira minti 15, ka zubar da wanda ya taru a faranti. Ɗan tsiyayen kofi kullum saman ƙasa kawai yake jiƙawa.

Akwai matsalar da ta keɓanci mai mantuwa. Ƙasar da ta bushe ƙamas kan janye daga jikin tukunya ta bar tsaga, sai ruwa ya bi ta nan ya fice nan take, kai kana ganin ka shayar alhali tsakiyar a bushe take. Maganin shi ne a tsoma tukunyar cikin roba mai ruwa har rabinta, na minti 20 zuwa 30, har saman ƙasar ya yi danshi, sannan a ciro a bari ta tsane. In tafiyar mako 2 ko 3 ce ta kama, shayar da su ana gobe tafiya, ka ja su baya daga taga, kada ka bar su tsugune cikin ruwa.

Taki kaɗan suke buƙata. Na ruwa, rabin awon da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya cikin mako 4 zuwa 6 lokacin da suke fitar da sabon ganye. ZZ da Sansevieria sau 2 ko 3 a shekara. Ba a zuba shi kan busasshiyar ƙasa, yana ƙona saiwa, kuma ba ya warkar da shuka marar lafiya.

In abu ya ɓaci

Ganye ya yi rawaya ya yi laushi, ƙasa a jiƙe, gindi na luguiguita: ruɓewar saiwa ce. Ciro shukar, kakkaɓe ƙasar, ka duba. Lafiyayyar saiwa na da tauri, fara ko ruwan lemo a wajen Sansevieria. Ruɓaɓɓiya baƙa-baƙa ce, in ka ja fatarta ta saɓule ta bar zare. Yanke duk ruɓaɓɓen da almakashin da aka goge da sifirit, ka bar masu kaurin ganye su sha iska kwana 1 ko 2, ka dasa a sabuwar ƙasa, ka jira mako guda kafin ruwa.

Bakin ganyen Chlorophytum da ya ƙone yawanci gishirin taki ne ko sinadaran ruwan famfo suka taru. A wanke ƙasar da ruwa mai yawa, ninki 3 na cikin tukunyar, a koma ruwan sama in da hali. Pothos mai dogon kara da ƙananan ganye tsilli-tsilli haske take nema. Fararen ƙwari da ke maƙalewa a hammatar ganye kamar guntayen auduga, a goge su da audugar da aka tsoma a sifirit, a maimaita duk mako har sau 3 ko 4 saboda ƙwai, a kuma ware tukunyar daga sauran. Ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu tashi daga ƙasa alama ce ruwa ya yi yawa.

Pothos da ZZ na da sinadarin da ke ƙona baki da maƙogwaro in an tauna, Sansevieria da aloe kuma kan sa kyanwa da kare amai. A ɗaga su inda yara da dabbobi ba sa kai, ko a zaɓi Chlorophytum da Aspidistra. Batun cewa suna tace iskar ɗaki kuwa ya samo asali ne daga wani gwajin hukumar NASA ta Amurka na 1989, wanda aka yi cikin akwatunan da aka rufe ruf. Tukunya biyu ko uku ba za su yi aikin buɗe taga ba.

Ƙara yawansu ba wuya. Yanko karan pothos mai ganye 2 ko 3, santimita ɗaya a ƙasan gaɓa, wato inda ganye ya fito daga kara, ka tsoma gaɓar cikin ruwa, ka riƙa canja ruwan duk mako. In saiwa ta kai santimita 5, a dasa. Ganyen da ba shi da gaɓa ba ya tsiro. Sansevieria mai rawayan gefe kuwa, raba ta daga gindi da wuƙa mai kaifi, kowane ɓangare da saiwarsa, don wadda aka tsirar daga yankan ganye kore zalla take fitowa.