Yadda za ka zaɓi irin haɗin da ya dace da maus da kibod ɗinka, tsohon yayi ko sabo

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan tsohuwar kwamfutar tebur ya ga wasu ramuka biyu zagayayyu, ɗaya kore ɗaya shunayya, toh waɗannan su ake kira PS/2, kuma har gobe akwai masu rantsuwa wai sun fi USB komai da komai. Wasu kuma sun ce su waya ma gaba ɗaya sun daina, sai wayales. Ni dai tun daga farko zan faɗi nawa ra'ayin, yawancinmu USB mai waya ya ishe mu, sauran kuma sai in akwai dalili. Amma bari mu bi abin daki-daki ka gano ko kai kana da wannan dalilin.

Mataki na 1: juya kwamfutar ka kalli ramukan, ka kuma kalli bakin wayar

Kafin komai ka san me ke hannunka. In bakin wayar kibod ɗin ƙato ne zagayayye mai haƙora 5, wannan kakan kaka ne, irin na kwamfutocin IBM na 1981 da 1984, ana ce masa DIN ko AT. In maus ne mai baki ɗan faffaɗa da ramuka 9 da ƴan sukurori biyu a gefe, wannan siriyal ne, shi ma ya jima da yin ritaya. Mai haƙora 6 ɗan ƙarami zagayayye shi ne PS/2, IBM ce ta fito da shi a 1987 tare da kwamfutocinta masu suna Personal System/2, daga nan ma sunan ya samo asali. Shunayya na kibod, kore na maus. Wasu madabod (babban allon cikin kwamfuta da komai ke haɗuwa a kansa) na yanzu rami ɗaya kawai suke sakawa, rabi kore rabi shunayya, ko wanne ka cusa zai karɓa.

Su kuwa Apple nasu daban ne a da, ADB mai haƙora 4, sai da suka fito da iMac a 1998 suka watsar da shi suka rungumi USB, wanda ya fito tun 1996 amma mutane ba su damu da shi sosai ba sai a wannan lokacin. Sai USB-C ɗan siriri da ba shi da sama ba shi da ƙasa, na 2014. Wayales kuma iri biyu ne kar ka haɗa su, akwai mai ɗan ƙaramin risiba, wato abin karɓar saƙo, da ake cusawa a ramin USB, akwai kuma Bluetooth da ba ya buƙatar cusa komai.

Mataki na 2: ka fahimci yadda kowanne ke magana da kwamfuta

Nan ne gardamar take, dan haka zan ɗan daɗe a nan. PS/2 shi ke kai saƙo da kansa, da ka danna maɓalli sai ya katse wa kwamfuta abin da take yi ya ce ga saƙo. USB ba haka yake ba, shi kwamfuta ce ke ta zagayowa tana tambaya akwai labari? akwai labari? sai in ta tambaya sannan ya amsa. Masu son PS/2 a nan suke kafa hujja, wai tunda ba ya jiran a tambaye shi to dole ya fi sauri.

A takarda maganar tana da daɗin ji, amma mu duba lissafi. Maus na USB irin na gama-gari ana tambayarsa sau 125 a daƙiƙa ɗaya, wato duk bayan kashi 8 cikin 1000 na daƙiƙa. Na masu gem kuwa sau 1000 ne a daƙiƙa, yanzu ma har akwai masu 8000. Shi kuma maus na PS/2 yawanci sau 100 yake aika rahoto a daƙiƙa, in ka matsa masa ya kai 200, iyakarsa kenan. Kaga kenan a ɓangaren maus ai ba ma gasa, USB mai kyau ya wuce shi nesa ba kusa ba. A kibod ne ake ɗan ja-in-ja, kuma ko a nan bambancin bai kai abin da yatsan mutum zai ji ba, wlh in aka rufe maka ido aka canza maka ba za ka gane ba. Jinkirin da ke cikin kibod ɗin kansa, wato yadda yake karanta maɓallansa, sau da yawa ya fi na wayar yawa.

Mataki na 3: gwada maɓalli nawa kibod ɗinka ke ɗauka lokaci guda

Buɗe Notepad ko duk inda kake rubutu, ka danne Shift na hagu da na dama duka biyun kar ka saki, sai ka bi haruffa daga A har Z kana dannawa ɗaya bayan ɗaya. In ka ga wasu haruffa sun ƙi fitowa, to kibod ɗinka yana da iyaka a yawan maɓallan da yake iya gani tare. Mai rubuta wasiƙa ko aikin ofis wannan bai dame shi ba ko kaɗan, amma mai gem da ke danne maɓalli uku huɗu yana gudu yana tsalle zai ji a jikinsa.

Gaskiya ne tsarin PS/2 ba shi da iyaka a wannan, shi kuma tsarin USB na asali wanda BIOS (manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows) ke ganewa maɓalli 6 yake ɗauka ban da su Shift da Ctrl da Alt. Shi ya sa a da masu gem suke maƙale wa PS/2. Sai dai kibod masu kyau na yanzu sun tsallake wannan ta USB ɗin ma, kuma abin da mutane ba su cika sani ba shi ne yawancin kibod masu arha matsalar daga yadda aka jera layukan cikinsu take, ko ka haɗa ta PS/2 ɗin haka za su ci gaba da haɗiye haruffa.

Mataki na 4: kar ka sayi adafta da ka

Wannan tarkon ya kama mutane da yawa har da ni. Ɗan ƙaramin adaftan nan kore ko shunayya da ke zuwa cikin kwalin wasu maus da kibod, babu komai a cikinsa sai wayoyi da aka karkata, ba ya fassara komai. Yana aiki ne kawai in maus ɗin ko kibod ɗin dama an ƙera shi yana jin yare biyu, USB da PS/2, sai ya gane da kansa inda aka cusa shi. In ka ɗauki wannan adaftan ka saka wa sabon kibod da USB kaɗai ya sani, ko fitila ba za ta kama ba, kai ta zargin madabod alhali ba ruwanta.

In kuma akasin haka ne, kana da tsohon kibod na PS/2 mai ƙarko, misali IBM Model M da har yanzu ake nema saboda daɗin dannawa, kana son haɗa shi da laftof, to abin da za ka nema shi ne konbata mai ɗan cip a ciki wanda ke juya yaren PS/2 zuwa na USB. Yawanci za ka gan shi da ɗan kumburi a tsakiyar wayar, da baki biyu kore da shunayya. Mai DIN ƙato kuma in na AT ne, wato irin na 1984, adafta mara cip ya isa ya mai da shi PS/2 tunda yarensu ɗaya, daga nan sai ka ɗora konbata.

Mataki na 5: in PS/2 za ka cusa, kashe kwamfutar tukuna

USB kana iya zarewa ka mayar ana tsakiyar aiki, PS/2 ba a ƙera shi dan haka ba. In ka cusa kwamfuta na kunne sau da yawa ba za ta gan shi ba sai ka sake kunnawa, a tsofaffin madabod ma har ramin yana iya lalacewa. Ka kashe, ka daidaita ƴar kibiyar da ke jikin bakin wayar, ka tura a hankali ba tare da murɗawa ba dan haƙoran nan sirara ne da sun lanƙwashe shikenan sai ka zauna da allura kana miƙarwa.

Mataki na 6: in wayales kake so, ka zaɓa tsakanin risiba da Bluetooth

Dukansu a zangon rediyo na 2.4GHz suke aiki amma halinsu ba ɗaya ba. Mai risiba, kwamfuta kallon maus mai waya take masa, dan haka yana aiki tun daga BIOS, ba sai ka saita komai ba, kuma ya fi Bluetooth saurin amsawa, shi ya sa maus ɗin gem na wayales kusan duk da risiba suke zuwa. Aibinsa biyu, yana cinye maka rami ɗaya, sannan in ɗan abin nan ya ɓata wasu maus ɗin sun zama kwalliya kenan. Wasu kamfanoni sun sauƙaƙa, kamar Unifying na Logitech da risiba ɗaya ke ɗaukar na'ura har 6.

Bluetooth kuwa ya fi dacewa da laftof mai ƙarancin ramuka da tablet da waya, wasu kibod ma suna riƙe na'urori uku kana sauyawa da maɓalli ɗaya. Amma yana yin barci dan tattalin batir, ka dawo ka danna sai harafin farko ya ɓace ko ya makara, kuma a yawancin kwamfutoci ba ya aiki sai Windows ta gama tashi.

In maus ɗinka mai risiba yana tsalle-tsalle ko yana tsayawa, kafin ka ce ya lalace duba ko risibar na kusa da ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, musamman in an cusa filash ko faifan ajiya (hard disk) a gefensa. USB 3.0 na fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4GHz, Intel ma ta fitar da bayani a kan haka tun 2012. Maganin shi ne ka mai da risibar ramin USB 2.0 ko ka sa ƴar wayar ƙari ka kawo ta kan tebur kusa da maus ɗin. Batun tsaro kuma, a 2016 masu bincike na kamfanin Bastille sun nuna wata ɓaraka da suka kira MouseJack, inda wani daga nesa zai iya aika dannawar ƙarya ta wasu risibobi, dan haka in naka tsoho ne ka duba ko akwai sabuntawa daga masu shi.

Mataki na 7: yanke hukunci

Aikin ofis ko karatu a tebur, USB mai waya, ba caji ba batir. Gem, USB mai waya ko risiba mai kyau. Yawo da laftof, Bluetooth. PS/2 kuma ka bar shi ga inda yake da amfani na gaske, kamar ma'aikatun da ke toshe ramukan USB gaba ɗaya dan kar a saci bayanai da filash, ko lokacin gyara. Waɗanda suka taɓa ƙoƙarin saka Windows 7 a kan sabuwar madabod sun san wannan, ana kaiwa shafin farko sai maus da kibod na USB su mutu murus saboda babu direban USB 3.0, wato manhajar da ke sa ramukan aiki, a cikin faifan, a ranar tsohon kibod mai baki shunayya da ke cikin kwali shi ke fitar da mutum kunya. Nawa har yanzu yana nan a ƙasan durowa, na naɗe wayarsa da roba na rufe haƙoran da ɗan murfi kar su lanƙwashe.