Yadda Baƙo a Kumasi Zai Zaɓi Takardar Zama: Ta Aure ko Ta Fansho

A Aboabo da Asawase da Sabon Zango akwai dattawa 'yan Najeriya da Nijar da suka ajiye aiki suka dawo kusa da 'ya'yansu, wasunsu kuma 'yan Gana suke aure. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba ɗan yankin ya zauna ba biza. Bayan haka sai izinin zama daga hukumar shige da fice, ƙarƙashin dokar shekarar 2000 mai lamba 573. Ɗan Nijar ya ƙara sa ido, tunda ƙasarsa ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Tsofaffin da suka ga korar baƙi daga Gana ta zamanin Firayim Minista Busia a 1969 ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Da farko, ka duba abin da ke hannunka a rubuce. Jami'i ba ya aiki da "kowa a unguwa ya san matata ce". Ko dai ka kafa zamanka a kan aure da ɗan ƙasa, ko a kan kuɗin da ke shigo maka.

Idan aure ne, fara da takardar aure, domin nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. An ɗaura a masallaci, an raba goro, an watse, babu wanda ya taka ofis. Gana ta amince da aure iri uku: na gargajiya, na Musulunci, da wanda ake kira auren kotu. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako ɗaya da ɗaurawa, ango da waliyyi da shaidu biyu da limami mai lasisi su sa hannu. Wanda ya shekara ashirin da aure wannan mako ya wuce shi, don haka ya je ofishin rajistar aure na KMA, wato hukumar birnin Kumasi, ko wurin lauya ya ji hanyar gyara. Amma Alhaji, kada gaggawa ta kai ka auren kotu ba ka yi tunani ba. Shi na mace ɗaya ne, ƙara ta biyu a kansa laifi ne a doka, kuma yana iya shafar gado. Mai iyali biyu ya yi shawara da malami da lauya kafin ya sa hannu.

Idan fansho ne, hujjarka banki ce: takardar ajiye aiki da bayanan asusu da ke nuna kuɗi na shigowa a kai a kai. Abin da ɗa ke aiko maka ta hannun direban Legas bai bar sawu ba, sai a mayar da shi ta banki tun watanni kafin nema. Ka kuma lissafa da sidi, kuɗin Gana, don fanshon naira kan rame a hanya.

Ko wacce ka ɗauka, sai ka yi katin shaida na baƙi a NIA, hukumar katin shaida ta Gana. Kada wani ya ruɗe ka da cewa zai samo maka katin 'yan ƙasa. Ranar da asiri ya tonu, duk shekarun da ka tara sun tashi a banza.

Sai lissafin shekaru, wanda a ganina shi ke raba gardama. Mai auren ɗan ƙasa na iya neman zaman dindindin in ya zauna wata 12 a jere kafin nema, da jimillar shekara 2 kafin waɗannan watanni. Wanda ba ta aure ya bi ba, shekara 5 cikin 7 ake nema a gare shi, ban da wata 12 ɗin. Ga kuma kundin tsarin mulkin 1992, da ya ba miji ko matar ɗan Gana damar neman zama ɗan ƙasa ta rajista. Hanyar aure ta fi kusa ke nan, sai dai kafin a kai ga dindindin, sabunta izini na buƙatar haɗin kan abokin zama. Hajiya, in zaman gidan yau fari gobe tsumma ne, kuma kina da naki kuɗin, kafa zamanki a kansu ya fi kwanciyar hankali.

Mai niyyar buɗe shago ya sani izinin zama daban, izinin aiki daban. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a kasuwa, kuma a kanta aka rufe wa 'yan Najeriya shaguna a unguwar Suame ta Kumasi a 2019.

In takardu sun haɗu, je ofishin shige da fice da ƙafarka, da fasfo mai sauran wa'adi da kwafin komai. Tambayi kuɗin da ake biya a yanzu, karɓi rasit, ka rubuta ranar ƙarewar izinin, ka koma sabuntawa tun da sauran wata guda.