Shirin shiga jami'a bayan an sami gurbin karatu

Ganin sunanka a jerin waɗanda jami'a ta ɗauka bai kammala maganar shiga ba, domin a Najeriya gurbi ba ya tabbata sai ya bi ta CAPS, tsarin ba da gurbi ta intanet wanda JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, ta fara amfani da shi a 2017. Abu na farko shi ne ka shiga shafinka na JAMB da adireshin imel da lambar sirrin da ka yi rijista da su, ka karanta sunan jami'a da kwas ɗin da aka ba ka da kyau, sannan ka danna amincewa kafin wa'adin da aka ɗiba ya wuce. Kada ka danƙa wa mai shagon kwamfuta wannan aiki kai kana waje kana hira, saboda da zarar an danna amincewa ko ƙin amincewa, warware abin yana da wuya ƙwarai. Bayan haka ka buga takardar shaidar samun gurbi da takardar sakamakon jarrabawarka ta UTME. Duk wanda ya ce zai shigar da kai ta bayan fage ba tare da CAPS ba, ka guje shi, domin wanda sunansa bai shiga kundin JAMB ba yakan gamu da cikas shekaru bayan haka, lokacin da ya zo tafiya bautar ƙasa.

Daga nan sai takardu, kuma a nan ne ya fi dacewa ka ɓata lokaci. Ranar tantancewa za a nemi sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB mai ɗauke da kiredit biyar a darussan da kwas ɗinka ke buƙata, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ko takardar rantsuwar shekaru daga kotu, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da shaidar kammala firamare da sakandare, da lambar NIN, da ƙananan hotuna. Tun kana gida ka shimfiɗa su gaba ɗaya a kan tabarma, ka duba suna da ranar haihuwa a kowace ɗaya, harafi bayan harafi. Sau da yawa za ka tarar an rubuta Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, ko kuma sunan mahaifi ya zo a gaba a wata takarda, a wata kuma sunan gari ya maye gurbinsa. Irin wannan saɓani da ake rainawa shi ne ke mayar da ɗalibi gida daga layin tantancewa, kuma gyara shi yana cin makonni. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana a imel ɗinka, ka yi kwafi da yawa, na asalin kuwa ka sa su a jakar roba, kada ka bar su a hannun kowa.

Kuɗin karɓar gurbi da kuɗin rijista ana biyansu ne ta shafin jami'ar, kuma jami'o'in gwamnatin tarayya suna amfani da Remita, inda za ka fitar da lambar biya ka kai banki ko ka biya ta waya. Babu jami'ar da ke karɓar kuɗin makaranta ta asusun wani mutum. Ka riƙe rasit ɗin kowane biya har ranar da za ka karɓi shahadarka. Idan kuɗin ya fi ƙarfin gida, akwai bashin karatu na asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, akwai kuma hukumomin tallafin karatu na jihohi, sai dai kuɗin waɗannan ba ya zuwa da wuri, saboda haka ya kamata a zauna da iyaye a tsara yadda za a ci da sha a zangon farko ba tare da an dogara da su ba.

Wurin kwana kuma a nemi shi da wuri, domin gadajen ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isa, kuma sukan ƙare jim kaɗan bayan an buɗe shafin nema. Kafin ka kama haya a waje, ka tabbatar da harabar da tsangayarka take. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, alal misali, masu karatun shari'a da harkar mulki suna Kongo ne, yawancin sauran kuma suna Samaru, haka nan Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsohuwar haraba da sabuwa da ke kan titin Gwarzo. Ɗaki mai araha da ke nesa da aji yakan cinye rarar kuɗinsa a kuɗin abin hawa.

Abin da ya fi ba sababbin ɗalibai mamaki shi ne cewa a jami'a babu mai bin ka da bulala. Malami zai shigo ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, ya yi bayaninsa ya fita, bai san wanda ya zo da wanda ya kwanta barci ba, amma sakamako ba ya mantuwa. A yawancin jami'o'i maki 70 zuwa sama shi ne A mai daraja 5, ƙasa da 40 kuma faɗuwa ce, wadda ke nufin sai ka sake ɗaukar darasin a shekara mai zuwa tare da na ajin da ka shiga. Ana tara waɗannan darajoji tun daga zangon farko a fitar da CGPA, wato matsakaicin darajar duk darussan da ka ɗauka, kuma digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa ne daga 4.50. Wanda ya yi wasa da shekarar farko yakan shafe sauran shekarun yana ƙoƙarin ɗaga abin da ya riga ya nutse, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ganina, makonnin da kake zaune a gida kana jiran a buɗe makaranta sun fi amfani idan ka koma kan littattafan aji uku na babbar sakandare, tunda darussan shekarar farko a kansu suke ginuwa, ka kuma saba da rubutu a kwamfuta, saboda a jami'o'i da dama a kanta ake yin jarrabawar azuzuwa masu ɗalibai da yawa.

Idan ka isa, ka nemi malamin da ke kula da ajinku kafin ka cike fom ɗin rijistar darussa, domin darasin da ba ka yi wa rijista ba ba za a lissafa maka shi ba ko da ka zauna jarrabawarsa. Ka halarci taron wayar da kan sababbin ɗalibai, ka karɓi littafin dokokin ɗalibai ka karanta sashen satar amsa, wadda hukuncinta yakan kai ga kora, sannan ka yi rijista a asibitin makaranta da ɗakin karatu tun kafin layi ya yi tsawo.